Sabulu a Murfin Tanki

Mijina ba ya son a kira shi bakanike. In ka ce masa haka zai amsa gaisuwarka, amma ba zai nuna maka wurin zama ba. Wai bakanike shi ne wanda yake kwance inji kaf, ya baza kusoshi a ƙasa, sannan ya fara neman inda ciwon yake. Shi masu lambu Likita suke ce masa, kuma wannan sunan ne yake masa daɗi. Ni dai Malam nake kiransa, yau shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Sana'arsa gyaran injin ban ruwa da injin niƙa. Bai taɓa buɗe shago ba. Shagonsa wani akwatin ƙarfe ne da yake ɗaurewa a bayan babur da igiyar roba, ciki akwai sufana guda bakwai, sukudireba biyu, magagari, da tsumman da in na jefar sai ya je ya tsinto. Lambunan da yake wa aiki suna bayan gari, a gangaren rafi, sai ka hau wani dogon tudu ka sauka kafin ka kai. In inji ya lalace sai a aiko masa, ya je. Ba ya fara taɓawa. Cewa yake a tayar, ya juya wa injin baya, ya runtse ido ya saurara. Kafin ka sha ruwa ya ce, "Iska yake zuƙa ta tiyo," ko ya ce, "Zoben ciki ne ya cinye." A kwance a tarar haka ne. Da wannan kunnen muka ci, muka sha, muka yi wa 'ya'ya biyar makaranta.

Babur ɗin kuwa ya girmi ɗanmu na fari da shekara biyu. Baƙi ne, mai nauyin tsiya, in ya faɗi sai mutum biyu. Kayansa sun daɗe da ɓacewa a kasuwa, saboda haka Malam sayen na wani babur yake yi, ya zauna da magagari ya goge har ya shiga. Yara na layi suna masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Bugu ɗaya yake tashi, safe ko yamma, kuma bai taɓa kwana a hanya ba.

Shekara uku da suka wuce kunnen Malam ya fara tafiya. Ni na fara lura. Rediyon da dā sai na kasa kunne nake ji, ta koma ana jin ta har gidan maƙwabta. In na yi magana daga kicin sai ya ce, "To, to." Wata rana don gwaji na ce masa na sayar da gidan, ya ce, "To, madalla." Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, dariya na cina, hawaye na zuba. Ya san na sani, na san ya san na sani, amma babu wanda ya buɗe baki. A lambu ya koma dafa inji da tafin hannu, wani lokaci ya kafa sukudireba a jikin ƙarfe ya ɗora haƙoransa a kan ƙotar. Masu lambu suka ɗauka sabuwar dabara ce, har yabonsa suke yi.

To, ga nawa laifin, gara in faɗa da bakina. Ni mace ce da ba ta iya ganin huda ta wuce. Bokiti, baho, buta, takalmin jika, duk abin da ya hude a gidan nan ni ce mai toshewa. Wajen ƙarshen damina, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na fito na tarar rumfar da ake ajiye babur ta yi yoyo. Na ɗauko tsumma ina goge shi, sai na ga ruwa ya taru a kan murfin tanki, kuma a gefen murfin ga wata 'yar huda, ba ta fi kafar allura ba. Na ce a raina, af, ta nan ruwa zai bi ya shiga cikin mai. Shekaru da yawa baya tankin ya taɓa tsagewa, na ga Malam ya shafa sabulun wanki a wurin, ya ce mini fetur ba ya narka sabulu. Ban manta ba. Na gutsuro sabulu, na danna a hudar da babban yatsa, na shafe sumul. Ƙura ta zauna a kai, ko ni da na sa ban ƙara ganin wurin ba. Ban gaya masa ba, don in zan riƙa ba da rahoton kowace huda da na toshe, ba za mu yi wata hira a gidan ba.

Kwana biyu bayan haka Malam ya dawo da rana tsaka yana gumi, fuska a ɗaure. Na ce, "Lafiya?" Ya ce babur ne yake masa wasa. A gida ya tashi lafiya, cikin gari ya tafi lafiya, amma da ya kama tudu ya murɗa totur, sai ya yi tari, ya ja baya, ya ƙi. In ya sassauta hannu sai ya ɗan farfaɗo, in ya ƙara murɗawa sai ya mutu murus. Ya sauka, ya buɗe tanki ya leƙa, mai na nan fiye da rabi. Ya rufe, ya buga, ya tashi kamar ba shi ba. Ya yi tafiyar minti biyar, ya sake.

Ya ce, "Ƙaramin abu ne. Kafin la'asar na gama da shi."

La'asar ɗin nan sai da ta kai sati uku.

Ya fara da fulogi. Ya cire ya kawo mini har ƙofar kicin, kamar ni na san wani abu, ya ce, "Kin ga bakinsa fari fat? Da baƙi ne sai in ce mai ya yi masa yawa. Wannan yunwa ce. Mai ne ba ya isarsa." Daga nan ya sauke kafireta, ya shimfiɗa mini farantin cin abincina mai kyau a tsakar gida, ya jera 'yan ƙarafa a kai. Ya wanke da fetur, ya hura kowace kafa da baki, ya ɗaga sama yana hango rana ta ciki. Ya mayar, ya fita gwaji, ya dawo yana turawa. Ya canja tiyon mai. Ya zazzage tanki ya tace man da ɗankwalina. Ya wanke matatar iska. Da mai ya ƙi ba shi amsa sai ya koma zargin wuta, ya canja kwayil. Ya cire salansa ya ƙona ta, ya kakkaɓe gawayin da ke ciki. Har kuloci ya buɗe, alhali shi da bakinsa ya ce in kuloci ne injin ihu zai yi babur ya ƙi gudu, ba mutuwa zai yi ba.

Abin haushin, a tsakar gida babur ɗin lafiyarsa ƙalau. Duk sanda Malam zai gwada sai ya buɗe tanki ya duba mai tukuna, ɗabi'arsa ce tun yana saurayi. Ya tayar, ya murɗa, injin ya amsa har kaji su watse. Sai an hau tudu yake tona masa asiri.

Ga rani ya shigo, lokacin da masu lambu suka fi bukatarsa. Suka yi aike, suka sake, na uku suka kira wani mai gyara na bakin titi. Ranar da labarin ya zo Malam bai ci abincin rana ba.

Babban ɗanmu yana aiki a ofis, a gida Manaja muke ce masa. Yaro ne mai kirki, ba zan ci amanarsa ba, amma tun yana ƙarami in ya ƙulla abu sai ya ga bayansa. Wani ya kai masa labari cewa ya ga Babansa a tsakiyar tudu yana tura babur, manyan motoci suna ta kauce masa. Ranar Laraba sai ga shi da yamma, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara.

Ya ce, "Baba, ya isa haka. Shekararka sittin da takwas. Me ka rasa da ba mu yi maka ba? Ka zauna ka huta."

Malam ya ce, "Na ce maka na gaji?"

"Babur ɗin ne ya gaji. Sati uku kana fama. Dā can wane inji ne yake kwana biyu a hannunka?"

Wannan maganar ta shiga, na ga yadda gemun Malam ya motsa. Na ce, "Kai, Manaja, iya bakinka. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi."

Ya ce, "Umma, ba raini ba ne. Tsoro nake ji a kira ni a waya wata rana." Ya juya ga Babansa ya ɗaga murya, don shi ma ya daɗe da ganewa. "Asabar zan zo da mota a ɗauke babur ɗin. Mun yi magana da ƙannena, bakinmu ɗaya."

Malam ya ce, "In ka zo ka tarar bai hau tudun nan ba, ni zan taya ka ɗorawa. In ya hau, kada wanda ya ƙara yi mini maganar zama."

Na san abin da zaman yake nufi. Maƙwabcinmu direba ne dā, tun da 'ya'yansa suka karɓe makulli ya koma kujerar roba a ƙofar gida, yana ƙirga masu wucewa, shekara biyu bai ƙara ba. In aka ɗauke babur, babu lambu, babu Likita, sai wani tsoho kurma da ake yi wa ihu a kunne. Wallahi na fi jin tsoron kujerar nan fiye da tudun.

Asabar da hantsi Manaja ya iso da motar ɗaukar kaya, ya bar ta a ƙofar gida da direbanta. Ya tarar Malam ya kafe babur a kan tsayayyar ƙafarsa, tayar baya tana lilo a sama. Malam ya ce tun da ciwon ba ya zuwa sai an yi tafiya, to yau a tsakar gida za a yi tafiyar. Ya tayar, ya sa giya, ya murɗa totur ya riƙe. Taya tana ta juyi, hayaƙi ya cika gida, ni ina zaune kusa da su a kan turmi ina wanke kwanoni. Manaja yana tsaye ya harɗe hannu yana duba agogo.

Minti biyar, shida, takwas. Sai injin ya yi tari. Malam ya ƙara murɗawa, ya shaƙe, ya yi gurnani, ya mutu. Gidan ya yi tsit. Malam ya tsaya yana kallonsa, sannan kamar kullum ya kai hannu ya murɗe murfin tanki.

Fssss.

Sarai na ji, irin ƙarar da kwalbar lemo take yi in an buɗe ta. Manaja ma ya ji, na ga ya ɗaga gira, amma shi bai san ma'anarta ba. Malam kuwa, da fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya da tankin ba, ya leƙa ciki, ya girgiza kai, zai mayar da murfi.

Na ce, "Malam, wannan hucin fa?"

Bai juyo ba. Na tashi da kumfa a hannu na dafa kafaɗarsa, na ɗaga murya. "Na ce tankin nan ya yi huci da ka buɗe!"

Ya ce, "Huci?"

"Fssss, haka ya yi."

Ya dube ni, ya dubi murfin da ke hannunsa. Ya juya shi, ya goge da babban yatsa, ya kai baki ya hura. Iska ba ta wuce ba. Ya ce in ba shi allura. Na zaro wadda ke maƙale a gefen ɗankwalina, ya tsokana a gefen murfin, sai ga wani ɗan farin abu ya fito a tsinin. Ya shinshina. Ya ɗanɗana da harshe ya tofar.

Ya ce, "Sabulu."

Sai a lokacin safiyar nan ta damina ta faɗo mini. Na ce, "Innalillahi. Malam, ni ce. Ruwa na ga zai shiga."

Na zaci zai yi faɗa, ni ma na shirya, don ba a taɓa yi mini faɗa na yi shiru ba. Sai ya zauna a kan turmin da na tashi ya fara bayani, a hankali, kamar yana gaban masu lambu. Ya ce in za ki tsiyaye madarar gwangwani, huda nawa kike yi? Na ce biyu. Ya ce to in ɗaya kika yi fa? Na ce sai ta riƙa ɗiga tana tsayawa. Ya ce haka tanki yake. Mai na sauka ta ƙasa, dole iska ta shiga ta sama ta maye gurbinsa, kuma wannan 'yar hudar ce hancinsa. In injin yana tafiya a hankali, ɗigon ya ishe shi. Da an murɗa totur ya nemi mai da yawa, sai tankin ya riƙe. Shi kuma duk sanda ya mutu sai ya buɗe murfi, iska ta shiga, ciwon ya ɓuya.

Na ce, "Ka ji fa, garin neman gira na kusa rasa ido." Na juya ga Manaja da ƙarfina. "To ka gani, ba tsufan babur ba ne, ba na Babanka ba ne. Aikin uwarka ne. Sai ka sallami motarka."

Manaja bai yi dariya ba. Ya durƙusa gaban Babansa, ya yi magana yadda zai ga bakinsa. Ya ce, "Baba, sau nawa ka buɗe murfin nan a hanya cikin sati uku?"

Malam ya ce, "Ya fi sau talatin."

"Duk yana wannan hucin?"

"Dole yana yi."

"Kuma ba ka ji ba."

Kai, da na san inda maganar za ta faɗa, da na haɗiye hucin nan na mutu da shi. Na buɗe baki zan tare, Malam ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Ban ji ba. Da shekara biyar baya ne, ranar farko zan kama shi, kafin in sauke ƙafa ta biyu. Ban ji ba, kuma gobe ma ba zan ji ba. Kunnen ya tafi. Ga shi na faɗa, kowa ya huta." Ya miƙe ya mayar da murfin, ya ɗaure. "Amma hannuna bai tafi ba, kaina bai tafi ba. Alkawari dai tudu ne, ko ba haka muka yi ba?"

Manaja ya ce, "Haka muka yi. Amma Baba, wanda bai ji wannan ba a gaban hancinsa, yaya zai ji hon ɗin tirela a bayansa? Madubi ba ya nuna komai da komai. Ni ba babur nake ƙi ba."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Malam ya sunkuyar da kai, hannunsa a kan totur. Tun da nake da shi ban taɓa ganin an rufe masa baki a kan maganar babur ba. Na ga kafaɗunsa sun fara sauka.

Na ɗauraye hannuna, na shiga ɗaki, na ɗauko mayafi na yafa, na ɗaure shi tam a ƙugu. Na fito na ce, "Sauke babur ɗin ƙasa."

Manaja ya ce, "Umma, ina za ki?"

Na ce, "Lambu. Kunne ka ce babu, to ga guda biyu, lafiyayyu, tun kana ciki suke jin abin da bai shafe su ba. In mota ta taho ta baya in dafa kafaɗarsa ta dama, in hon ne in dafa sau biyu. Akwai saura?"

"Umma, gwiwarki fa? Kullum za ki riƙa binsa?"

"Gwiwar tawa ce ko taka? Yara sun watse, gidan nan ba ya bukatar mai gadi. Ni na toshe, ni zan biya. Matsa mini."

Malam bai ji rabin abin da muka faɗa ba, amma ya ga mayafin. Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya kwance akwatin ƙarfe daga baya, ya mayar da shi kan tanki ya ɗaure, ya goge mini kujera da tsumman nan nasa. Ya buga sau ɗaya, babur ya tashi. Hawa kam sai da Manaja ya tallafa mini, yana yi yana cewa, "Umma, don Allah," ina cewa, "Don Annabi ɗaga ni."

Muka fita. Manaja ya biyo mu a motar kaya, a hankali, kamar masu rakiyar marar lafiya. Muka ratsa layi, muka wuce kasuwa, masu shaguna suna leƙowa. Wata motar haya ta taho ta baya tana hon, na dafa sau biyu, Malam ya raɓe gefe ta wuce. Sai ga tudun a gabanmu, dogo, rana na dukansa. Na ji ya sauke giya, ya gyara zama, ya murɗa.

Babur ya ja. Muka wuce inda ya saba tari, muka wuce wata bishiya da Malam ya ce a nan yake mutuwa, yana ta ja, nauyin mutum biyu da akwati bai dame shi ba. Iska ta cika mini mayafi. Na waiga na ga motar Manaja can ƙasa tana hayaƙi, wallahi har gwalo na yi mata, da girmana.

Muna dab da kai tudun Malam ya ɗan juyo da kai, ya ɗaga murya yadda kurame suke yi.

Ya ce, "Yaya kukansa?"

Mutumin da gari guda yake kawo wa inji ya saurara, yau ni yake tambaya. Na ce, "Lafiya lau yake!" Bai ji ba. Na kai bakina kunnensa na ƙwala, "Ƙalau yake, Malam!" Ya ce, "Iye?"

Ba mu yi shawarar alamar wannan ba. Sai na zagaya da hannuwana na riƙe shi tam, na kifa goshina a bayansa, na gyaɗa kai yadda zai ji a ƙashinsa. Ya gyaɗa nasa, ya ƙara wuta, muka gangara wajen masu lambu.